Maigidana ya ce jinin gidansu ya fi ƙarfin taba, wai da gaske ne?

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana. Shekararmu 14 da aure, yaranmu uku, maigidana mutumin kirki ne wallahi babu abinda ya rage ni da shi, matsalar guda ɗaya ce, sigari. Shekarunsa 42, tun yana 19 yake sha, yanzu kwali guda yake tashi da shi a rana, kara 20 kenan, yana buɗe ido da safe ita yake fara lalube. Watannin nan kuma wani tari yake da asuba wanda sam bai min ba. Duk sanda nayi masa magana sai yace kakansa ya sha taba har ya kai 91 bai taɓa kwanciya asibiti ba, wai su jininsu ne haka, barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe. Rannan har wani rubutu ya nuna min a waya wai masana sun ce akwai mutanen da jikinsu ke narkar da gubar taba. Ni kuma abokin aikinsa da suke sha tare, bara kansar huhu ta kashe shi yana da 50 da 'yan kai. Anti da gaske akwai irin wannan jinin? Akwai gwajin da za'a yi masa a gane? In akwai in matsa masa yaje, in ya fito lafiya hankalina ya kwanta in daina damunsa.

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, ba kowa bane zai zauna ya rubuto saboda tarin asuba na wani. Sau uku na karanta saƙonki kuma inda yafi tsaya min a rai shine ƙarshensa, inda kika ce in gwaji ya fito lafiya hankalinki ya kwanta. Bari in fara da nan kada in ja miki rai, babu wannan gwajin. Babu asibitin da zai ɗibi jinin mutum yace masa jeka ka sha tabarka ba abinda zai same ka, ko a Amurka ne ko a Jamus. Amma fa, kuma nan nake so ki nutsu, maigidanki ba ƙarya zalla ya miki ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, kuma wannan ɗan ƙamshin ne yasa kuka daɗe kuna jayayya ba wanda ya kada wani, kina ce masa taba na kisa yana nuna miki kakansa. Toh gara ki san inda gaskiyar ta tsaya da inda ya ɗora mata nasa.

A jikin kowannenmu akwai wasu ƙananan ma'aikata da ido baya gani, masana na ce musu enzayim. Waɗanda suka shafi maganarmu yawancinsu a hanta suke, wasu a huhu. Aikinsu, duk wani baƙon abu da ya shigo jini, magani ne ko guba, su kama shi su sarrafa shi ya koma abinda zai narke a ruwa ya bi fitsari ya fita. Yadda jiki zai ƙera kowane enzayim a rubuce yake cikin DNA, wato kundin gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, a abinda ake kira ƙwayoyin gado, kuma kowa kwafi biyu gareshi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Rubutun nan ba iri ɗaya bane sak a wurin kowa. Wani harafi ɗaya ne ya canza sai enzayim ɗinsa ya zama mai zafin nama, wani nasa mai nawa ne, wani ma shafin gaba ɗaya babu, haka aka haife shi yana yawonsa lafiya lau bai sani ba. Tun shekarun 1950 likitoci suka fara ganin haka da maganin tarin tibi mai suna isoniazid, sai a ba mutum biyu awo ɗaya, ɗaya jikinsa ya sarrafa shi nan da nan, ɗayan kuma maganin ya daɗe a jininsa har ya fara jin ƙafafunsa kamar ana tsira masa allura. Enzayim ɗaya ne ya raba su, sunansa NAT2, ki riƙe shi zamu dawo kansa.

Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 a ciki an tabbatar suna jawo kansa. Abinda ya ɗaure min kai ranar da na fara gane wannan zance shine da yawansu a yadda suka shigo basu da haƙoran cizo, jikin ne da kansa yake fito musu da haƙora garin ƙoƙarin fitar da su. Ki ɗauka an jefo miki ƙatuwar kwalba cikin ɗaki, kafar da za'a fitar da ita kuma ƙarama ce, dole sai an fasa. Akwai masu fasawa, akwai masu sharewa. Tsakanin fasawa da sharewa akwai ɗan lokacin da fasassun ke baje a ƙasa, a wannan lokacin ake yankewa. Akwai wani sinadari a cikin baƙin dattin nan na hayaƙi da ke maƙalewa a huhu, sunansa benzopayirin. Enzayim mai suna CYP1A1 na cikin masu fasa shi, kuma abinda ke fitowa a tsakiyar aikin yana zuwa ya manne a jikin DNA ya ɓata rubutun. A 1996 masu bincike a Amurka suka nuna cewa a kan ƙwayar gado mai suna p53, wadda take kamar birki ce da ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa barkatai, wuraren da wannan guba tafi mannewa sune daidai wuraren da ake samu sun lalace a kansar huhu. Wato an kama ɓarawo da kaya a hannu. Kuma hayaƙin da kansa yana sa jiki ya ƙara ƙera masu fasawar, kinga mashayi masu fasa kwalbarsa sun fi na wanda baya sha yawa.

A ɓangaren masu shara akwai GSTM1. Kusan rabin Turawa basu da shi kwata-kwata, kwafin uwa da na uba duka babu, a tsakanin mutanen Afirka rashinsa bai kai haka yawa ba amma akwai shi sosai. Sai NAT2 ɗin da nace ki riƙe, shi yake kashe kaifin wasu gubobin hayaƙin da ke ƙarewa a mafitsara, kuma kinsan fitsari yakan zauna awanni kafin a fitar, duk tsawon lokacin nan gubar na gogar bangon mafitsarar. Mashayin da nasa NAT2 mai nawa ne yafi shiga haɗarin kansar mafitsara. Mutane da yawa basu ma san taba na kawo kansar mafitsara ba, huhu kawai suke tunani.

Wanda nake kyautata zaton rubutun wayarsa yake magana a kai shine CYP2A6. Wannan shi ke sarrafa nikotin, abinda ke sa mutum ya kamu ya kasa bari, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nikotin ta hannunsa yake bi. A yawancin mutane cikin kamar awa biyu rabin nikotin ɗin da ke jini ya tafi, shi yasa zaki ga mashayi bayan ɗan lokaci ya fara taɓa aljihu. Wanda nasa enzayim ɗin mai sauri ne, nikotin na saurin ƙare masa, sai ya ƙara kunna wata, ya zuƙa da ƙarfi, gubar da ke rakiyar nikotin ta shige shi da yawa. Wanda nasa mai nawa ne kara ɗaya na riƙe shi ya daɗe, sai ya sha kaɗan, kuma barin ta yafi zo masa da sauƙi. A Japan da sauran gabashin Asiya akwai mutane da yawa da suka gaji mai nawan ko ma babu shi, kuma an ga haɗarin kansar huhu a tsakanin mashayansu ya ɗan yi ƙasa, ga shi dama wannan enzayim na da hannu wajen tayar da wata gubar taba da ake kira naitirosamin. Ki lura da kyau 'yar'uwa, babban abinda ya kare su shine sun sha kaɗan. Jikinsu bai mayar da guba ruwan sha ba. Shan kwali guda a rana da lalubo ta tun kafin a sauko daga gado ba gwajin jini bane, amma ko kusa bai yi kama da halin masu wancan gado ba, alamar kamuwa ce mai ƙarfi.

Yanzu ga inda lissafin maigidanki ya karkace, kuma in zaki manta duk sunayen nan ki riƙe wannan. Rashin GSTM1 ko nawar NAT2, abinda suke ƙarawa a haɗarin kansar mafitsara kamar sau ɗaya da rabi ne ko ƙasa da haka, a huhu ma abinda rashin GSTM1 ke ƙarawa bai kai haka ba. Ita kuwa tabar kanta, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tace mashayi yafi wanda baya sha shiga haɗarin kansar huhu sau 15 zuwa 30. Ki ajiye ɗaya da rabi kusa da 20 ki kalle su. Mutumin da Allah ya ba mafi kyawun enzayim yana shan kwali a rana, har yanzu yafi wanda ke da mafi raunin enzayim amma baya sha shiga haɗari nesa ba kusa ba. Akwai wani babban bincike da aka wallafa a 2006, an bi mutane sama da 180,000 a jihohin Kalifoniya da Hawai na Amurka, aka ga a tsakanin masu shan kara 30 zuwa ƙasa a rana, baƙaƙen fatar Amurka da 'yan asalin Hawai sun fi sauran kamuwa da kansar huhu, masu asalin Japan da Latin Amurka sun fi ƙaranci. Amma da aka duba masu shan sama da 30, bambancin ya dushe. In hayaƙi yayi yawa baya tambayar asalin kowa.

Sai maganar kaka, Allah ya jiƙansa. Ni bana ƙaryata shi, na yarda ya kai 91. Amma kakan mutum ɗaya ne cikin kakanni huɗu, abinda jika ke gada daga gare shi kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne, sauran ukun daga mutanen da bai ambata miki ba suka fito. Kuma abin ba ƙwayar gado ɗaya bace da za'a ce ya ɗauka ko bai ɗauka ba, masu fasawa ne da masu shara da masu gyaran DNA in ta lalace, da yawa, kowanne ana sake raba shi a kowace haihuwa, shi yasa zaki ga wa da ƙani uwa ɗaya uba ɗaya magani ɗaya ya karɓi wannan ya wahalar da wancan. Barewa kam na haifar mai gudu, amma ko 'ya'yan barewar ba gudunsu ɗaya ba. Sannan babu ma wanda ya tabbatar jini ne ya tsare kakan. A wani bincike da Richard Peto da Richard Doll da abokan aikinsu suka fitar a Birtaniya a 2000, namijin da yaci gaba da sha, haɗarin kansar huhu ta kashe shi kafin 75 kashi 16 ne cikin ɗari, wato kamar ɗaya cikin shida, alhali wanda bai taɓa sha ba bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Kinga kenan biyar cikin shida ba kansar huhu bace zata kashe su, dan haka samun tsohon mashayi ba abin mamaki bane, kowane dangi zai iya nuna nasa. Abinda ba'a nunawa sune sa'o'in kakan da suka fara sha tare, waɗanda aka ce tari ne ya kashe wane, wane kuma faɗuwa yayi kawai yana da 55, babu jikan da yake kafa hujja da su saboda basu daɗe ba balle a riƙa labarinsu. Dan kansar huhu ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi, ga bugun zuciya ga shanyewar ɓarin jiki ga toshewar hanyoyin numfashi ga kansar maƙogwaro da baki da mafitsara. Shi wannan Doll ɗin da wani masani Bradford Hill sun fara bin likitoci maza kusan 34,000 a Birtaniya tun 1951, aka bi su shekara 50, abinda ya fito a 2004 shine kusan rabin waɗanda suka ƙi bari taba ce ajalinsu, kuma a matsakaici mashayi na rasa kamar shekara 10 na rayuwarsa. Likitoci ne fa, masu ilimi da kuɗin magani.

Ni wannan magana a gida na gan ta shi yasa take min zafi. Kawunaina biyu ciki ɗaya suka fito, tare suka fara sha. Ƙaramin kansar huhu ta tafi da shi yana 54, sai da aka yi wata biyar ana cewa sanyi ne. Babban yana nan da ransa ya doshi 80, kuma na tabbata akwai wani yaro a danginmu da yake kafa hujja da shi. Amma in kika zauna da shi, jimla ɗaya sai ya tsaya sau biyu, ya dafa gwiwa ya tsuke baki yana fitar da iska a hankali kafin ya ƙarasa, daga ɗakinsa zuwa bakin ƙofa akwai kujerar da aka ajiye masa a tsakiya ya huta. Ran nan na kai masa ziyara, jikarsa 'yar shekara uku ta miƙo hannu ya ɗauke ta, ya kalle ta yayi murmushi yace a ɗora masa ita a cinya dai. Shekarun ya samu, amma ki tambayi maigidanki ko ya taɓa lura da yadda kakansa yake numfashi a shekarunsa 20 na ƙarshe.

Gwajin ƙwayoyin gado kuwa ana yi, za'a iya ce masa yana da GSTM1 ko babu, nasa CYP2A6 mai sauri ne ko mai nawa. Sai dai likitoci basa amfani da shi wajen cewa wane zai kamu wane bazai kamu ba, saboda abinda yake faɗa yayi kaɗan. Kuma ni tsorona da shi kashi biyu ne, in ya fito "mai kyau" kin miƙa masa lasisin sha da hannunki, in ya fito "mara kyau" wasu cewa suke ai aikin gama ya gama bari in ci gaba. Bincike ma ya nuna gaya wa mutane sakamakon irin wannan gwaji baya wani sa su bari. Inda saurin enzayim yake da amfani na gaske wajen zaɓen maganin bari ne. Wani gwaji da aka yi a Amurka da Kanada aka wallafa a 2015 ya nuna masu sarrafa nikotin da sauri sun fi dacewa da ƙwayar varenicline a kan filastar nikotin, masu nawan kuma filastar ma ta musu aiki daidai ba tare da yawan laulayi ba. Toh ashe ilimin da ya nuna miki a waya, inda yafi amfani shine taimaka masa ya bari.

Abinda nake so kiyi kafin komai shine tarin nan. Tarin da ya wuce sati uku ana kai shi asibiti, ko mutum na sha ko baya sha, balle nasa na watanni. Kada ki tayar da hankalinki, yawanci ba kansa bane, zai iya zama kumburin hanyoyin iska irin na mashaya, zai iya zama tarin tibi wanda ake warkewa, amma likita ne zai faɗa bayan ya saurari ƙirjin yayi hoto ya duba majina. In kin taɓa ganin jini a kakinsa ko a fitsari ko sau ɗaya ne, ko yana ramewa ba dalili, ko muryarsa ta dishe taƙi dawowa, kada a kwana biyu. Kuma ki raba wannan da maganar bari, kada kice muje asibiti a ce maka ka daina, kice tarin ne ya hana ni barci muje a duba min shi. Akwai hoton ƙirji na siti-sikan mai ƙarancin haske da ake wa mashaya duk shekara dan a kama kansa da wuri, a ƙa'idar Amurka ta 2021 daga shekara 50 zuwa 80 ne ga wanda ya sha kwatankwacin kwali guda a rana na shekara 20, shi ta yawan sha ya riga ya shiga layin, shekarun ne basu kai ba. Wancan na masu lafiya ne da basu da alama, mai tari baya jiran 50.

Sannan in kin zo yi masa magana, dan Allah ba lokacin da take hannunsa ba, ba gaban yara ba, ba bayan faɗa ba. Ki fara da bashi gaskiyarsa. Kice na bincika, maganarka akwai gaskiya, jikin mutane ya bambanta. Namijin da aka ce masa yayi gaskiya kunnensa na buɗewa. Sai ki tambaye shi tambaya ta son sani, kakan nan kara nawa yake sha a rana, yana shekara nawa ya fara, 'yan'uwansa da abokansa da suke sha fa yaya suka ƙare. Kada ki amsa masa, ki barshi da tambayar. Kuma ki sani mafi yawan mashaya a ransu suna son bari, labarin kaka sau da yawa garkuwa ce, mutum ya gwada a ɓoye ya kasa, kunya ta hana shi faɗa, ga mutuwar abokinsa da na tabbata ta taɓa shi fiye da yadda ya nuna miki. Ki gaya masa lissafin da zai bashi ƙwarin gwiwa maimakon na tsoro. A binciken likitocin nan, wanda ya bari yana 40 ya ƙwato kusan shekara 9 cikin goman da zai rasa, mai 50 shida, mai 60 uku. A na 2000 ɗin kuma haɗarin nan na kashi 16 ya sauko zuwa 3 ga wanda ya bari a 40, zuwa 6 ga wanda ya bari a 50. Shi 42 gareshi. An ƙiyasta a 2016 cewa kwali guda a rana na shekara guda na barin kimanin tabo 150 a DNA ɗin kowace ƙwayar huhu, ki lissafa da shekara 23. Amma a 2020 aka gano abinda har hawaye ya kusa zubo min da na karanta, a huhun waɗanda suka bari akwai ƙwayoyi da dama da suke kusan garau kamar hayaƙi bai taɓa su ba, sune ke fitowa su sake shimfiɗa bangon hanyoyin iska bayan an daina, har ga waɗanda suka sha shekara 30 da 40.

Zai iya ce miki zai rage. Ki karɓa a matsayin mataki amma kada ya zama masauki, dan wani nazari na 2018 ya nuna kara ɗaya tak a rana na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da kara 20 ke kawowa. Komawa shisha ko mai sanyin mentol ko wadda aka rubuta "mara ƙarfi" duk hayaƙi ne. Kuma kada ya dogara da ƙarfin zuciya kaɗai, mai shan 20 yana buƙatar taimako kamar kowane mai jinya, akwai filasta da cingam na nikotin, akwai varenicline da cytisine da bupropion, likita zai zaɓa masa. In yana shan wani magani na kullum ya faɗa wa likitan, saboda hayaƙi na hanzarta wani enzayim na hanta mai suna CYP1A2, in an bari sai ya rage gudu, magunguna irin su theophylline na asma da wasu na taɓin hankali sai su taru a jini in ba'a gyara awonsu ba. Satin farko shine mai wuya, zai yi saurin fushi, barci zai ƙi, zai iya miki tsawa akan abinda bai kai ya kawo ba, ki sani nikotin ne ke fita, cikin sati biyu zuwa huɗu abin na lafawa. In ya koma bayan wata guda kada kice dama na sani, yawancin waɗanda suka bari sai da suka faɗi suka tashi sau da dama.

Abu ɗaya ne bazan ce ki lallaɓa shi a kai ba, shan ta a cikin gida ko mota. Wanda ke zaune da mashayi haɗarinsa na kansar huhu na ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, yara kuma ciwon kunne da asma da ciwon ƙirji. Ko mun ɗauka shi ya gaji kakansa, ke baki haɗa jini da kakan ba, yaran nan uku kuma rabin gadonsu naki ne, babu wanda ya san wane enzayim kowannensu ya ɗauko. Wannan ki faɗa masa yau, cikin ladabi amma ba da sigar roƙo ba, waje ne wajenta kuma nesa da taga.

In kun je asibitin ki sake rubuto min abinda likita yace game da tarin, da amsar da ya baki akan kara nawa kakan yake sha. Allah ya bashi lafiya ya baki juriya.